Cinikin Babakere: Yadda Ƙasashen Gabashin Turai Suka Sayar da Kamfanonin Waya Bayan Gurguzu

A Budapest, babban birnin Hangari, a ƙarshen shekarun 1980, mai tallan gida ba ya mantawa ya faɗi cewa akwai tarho a ciki, domin gida mai layi ya fi marar layi daraja nesa ba kusa ba. Wanda ya rubuta sunansa yana neman layi yakan shekara goma ko fiye yana jira. In ma ya dace, sau da yawa layin tagwaye ake ba shi, wato gida biyu a kan waya ɗaya: maƙwabci na ɗaga kan tarho, naka ya mutu, sai ya gama hirarsa. A 1990 Hangari da Polan ba su cika layi goma ga kowane mutum ɗari ba, alhali a Yammacin Turai an haura arba'in. A Polan kaɗai sunayen da ke jerin jira sun wuce miliyan biyu.

Gwamnatocin gurguzu sun ɗauki tarho kayan ofis da masana'anta da jami'an tsaro, talaka ya yi haƙuri da wasiƙa. Ma'aikata ɗaya ke riƙe da gidan waya da tarho, ita ke kafa doka, ita ke yanka farashi, ita ke sauraron ƙorafi. Ga kuma takunkumin CoCom, wanda ƙasashen Yamma suka hana sayar wa ɓangaren Sobiyet na'urorin zamani da shi, kuma bai kau gaba ɗaya ba sai 1994. Shi ya sa cibiyoyin haɗa kira suka ci gaba da aiki da tsofaffin injuna masu ƙarafa da ke juyawa, a lokacin da Jamus ta Yamma da Faransa ke komawa kan na'urorin dijital.

Da gurguzu ya faɗi, lissafin a fili yake. Girka layi ɗaya a wancan zamani, daga haƙa rami da shimfiɗa wayar jan ƙarfe zuwa gurbinsa a cibiya, yana cin dala dubu ɗaya zuwa biyu. A ninka wannan sau miliyan biyu a ga abin da Polan ke buƙata don share jerin jira kawai. Baitulmali kuwa wayam, ga bashin waje ya yi katutu. Sai aka koma neman manyan kamfanonin ƙetare su sayi kaso, su zo da jari da gwaninta. A nan ne aka ƙulla cinikin da ya tsara kasuwar na tsawon shekara goma: mai saye ba tsofaffin injuna yake biya ba, alƙawarin cewa babu mai gasa da shi yake biya. Kowace shekara ta babakere da aka ƙara a yarjejeniya, farashin ya tashi, ministan kuɗi ya yi murmushi, mai tarho a gida ya biya bambancin daga baya.

Hangari ce ta fara. A Disamban 1993 ta sayar da kashi 30 na Matáv, kamfanin tarho na gwamnati, ga haɗakar Deutsche Telekom ta Jamus da Ameritech ta Amurka kan dala miliyan 875, a 1995 kuma kason nasu ya kai 67. An ba Matáv shekara takwas shi kaɗai a kiran gari zuwa gari da na ƙasashen waje, zuwa ƙarshen 2001. Abin da ya ceci cinikin shi ne sharuɗɗan da aka gindaya masu lamba a jiki: adadin layuka ya riƙa ƙaruwa da kashi 15.5 kowace shekara, daga 1997 kuma a biya buƙatar kashi 90 na masu nema cikin wata shida. An kuma raba ƙasar yanki 54, aka ba wasu ƙananan kamfanoni 18 daga ciki. Su ma kowa sarki ne a yankinsa, ba gasa suke da Matáv ba, amma sun ba hukumar kula da sadarwa ma'aunin kwatanta wa ke aiki wa ke barci. Kafin ƙarshen shekarun 1990 jerin jira ya zama tarihi.

Jamhuriyar Cek ta yi wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. A 1995 ta ba TelSource, haɗakar kamfanonin tarho na Holan da Suwizalan, kashi 27 na SPT Telecom, kamfanin tarhon ƙasar, kan sama da dala biliyan 1.3. Sai dai sababbin hannayen jari aka ƙirƙira aka sayar musu, don haka kuɗin ya shiga asusun kamfanin, ya koma ramuka da wayoyi da cibiyoyi, maimakon ya faɗa baitulmali a cike giɓin kasafi da shi. Bambancin sayar da tsohon hannun jari da ƙirƙirar sabo ba ya fitowa a kanun labarai, amma shi ke nuna ko mai neman layi zai ga amfanin cinikin.

Latbiya ta zarce gona da iri. A 1994 ta ba Tilts Communications, inda Cable & Wireless da Telecom Finland suke, kashi 49 na Lattelekom tare da babakere na shekara ashirin, har 2013. Ba a yi nisa ba ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1999, tana kuma neman shiga Tarayyar Turai, dukansu biyu kuwa ba sa karɓar irin wannan. Dole ta janyo wa'adin zuwa 1 ga Janairun 2003, masu jari suka kai ƙara kotun sulhu ta ƙasa da ƙasa suna neman diyya, ba a sasanta ba sai 2004. Maƙwabciyarta Estoniya, da ta tsaya a shekara takwas, ta buɗe kasuwarta ranar 1 ga Janairun 2001 ba tare da wannan rigima ba. Armeniya ta fi kowa shan wuya: ta ba OTE na Girka kashi 90 na ArmenTel kan dala miliyan 142.5 da babakere na shekara goma sha biyar, kuma ta haɗa har da wayar salula a ciki. Layin salula ya yi ƙaranci har ana sayar da shi da tsada a bayan fage, sai da aka yi sulhu a 2004 kamfani na biyu, VivaCell, ya fara aiki a 2005.

A yi wa masu kare babakeren adalci, suna da hujja guda mai ƙarfi. Farashin da aka gada a birkice yake: kuɗin haya na wata da kiran cikin gari sun yi ƙasa da abin da ake kashewa, kiran nesa da na waje kuma an lafta musu tsada don su rufe asarar. In aka buɗe kasuwa a haka, sabon shiga ba zai je ƙauye ya haƙa rami ba. Zai zauna a babban birni ya kwashe bankuna da manyan kamfanoni masu kiran Landan da Frankfurt, ya bar wa tsohon kamfani 'yan fansho. Saboda haka sai an fara daidaita farashi: a ɗaga kuɗin haya, a sauke na kiran nesa. Yadda ake yi shi ne a haɗa duk ayyukan a kwando ɗaya, a ce jimillar farashin kwandon ba za ta wuce hauhawar farashin kaya ba, a kuma zabge wani kaso don tilasta wa kamfanin rage ɓarna, sannan a bar shi ya motsa farashin ɗai-ɗai a ciki. Matsalar ita ce ɗaga kuɗin haya yana taɓa kowane mai ƙuri'a, ragin kiran waje kuwa 'yan kaɗan ke jin daɗinsa. Sai gwamnatoci suka riƙa ɗagewa zuwa bayan zaɓe, wa'adin babakere ya ƙare ba a gama gyaran da aka ce don shi aka bayar da wa'adin ba.

Polan ta ɗauki wata hanya, kuma ita ta fi nuna cewa rubuta gasa a doka abu ne mai sauƙi. Dokarta ta 1990 ta yarda a ba wani kamfani lasisin layukan cikin gari kusa da kamfanin gwamnati, Telekomunikacja Polska, wato TP. Kamfanoni irin su Netia suka biya kuɗin lasisi masu nauyi, suka ciwo bashi suka shimfiɗa waya. Amma an bar wa TP kiran nesa har 2001, na ƙasashen waje har farkon 2003, wato an ba sababbin shiga ƙashi an riƙe tsoka. Netia sai da ya zauna da masu binsa bashi a 2002 aka sake tsara biyan. Waɗanda suka fi burgewa a wannan zango ƙanana ne: a ƙauyukan da ke kewaye da Rzeszów, manoma da ƙananan hukumomi suka haɗa kuɗi suka kafa ƙungiyoyin gama-kai na tarho, WIST da Tyczyn, a farkon shekarun 1990, suka girka cibiyoyin dijital tun kafin manyan birane da dama su gani. Gwamnati kuwa ta riƙe TP har ta sayar da kashi 15 a kasuwar hannun jari a 1998, sannan kashi 35 ga France Télécom da Kulczyk Holding a 2000 kan kimanin dala biliyan 4.3. Mai shirin sayar da saniya ba ya barin a tatse ta kafin ranar kasuwa, kuma muddin gwamnati na da kaso a kamfani, ba za a sa ran ma'aikatarta ta matse shi da gaske ba.

To, ina ainihin fagen daga yake? Yana wurin haɗin layi. Sabon kamfani mai kwastoma dubu goma ba shi da amfani in mutanensa ba za su iya kiran miliyoyin da ke kan tsohon kamfani ba. Dole a haɗa cibiyoyin biyu, kuma duk kiran da ya tsallaka, wanda kiran ya fito daga wurinsa zai biya ɗayan kuɗin sauke kira a kan kowane minti. Tsohon kamfani ba ya cewa ba zai haɗa ba, doka ta hana. Yana cewa a haɗu a wurare da yawa, yadda sabon shiga zai kai waya kowane lardi kafin ya fara ciniki. Ko ya ba da ƙofofi kaɗan a mahaɗar, da yamma ta yi kira ya cushe, kwastoma ya ɗora laifin kan sabon kamfani. Ko a shafe wata shida ana musayar wasiƙu kan sakin layi ɗaya na yarjejeniya. Magani uku aka sani: a tilasta masa buga takardar tayi guda da farashi da wa'adi a ciki ga kowa da kowa, hukuma ta ƙididdige farashin bisa abin da kamfani mai aiki da na'urar zamani zai kashe maimakon abin da tsoffin littattafansa suka nuna, sannan ta sami ikon yanke hukuncin wucin gadi da zai fara aiki ko da an ɗaukaka ƙara. In babu na ukun, lauyoyi za su cinye shekarun da sabon kamfani ke da su kafin jarinsa ya ƙare.

Jamhuriyar Cek ta nuna yadda ake buɗe ƙofa a bar sakata. Babakere ya ƙare a ƙarshen 2000, amma damar mai tarho ya danna wata lamba a gaba don kiransa ya bi ta wani kamfani ba ta zo ba sai 2002. Tsakanin nan, gasa a kiran nesa ta tsaya ga wanda aka iya ja wa sabuwar waya har ƙofar ofis.

Da intanet ya zo, rigimar ta koma kan wayar jan ƙarfe da ta taso daga cibiya zuwa cikin gida. Dokar Tarayyar Turai ta 2000, wadda ƙasashe takwas na tsohon ɓangaren gurguzu suka gada da shigarsu ranar 1 ga Mayun 2004, ta ce a ba abokin gasa hayar wannan waya. A aikace ga abin da hakan ke nufi. Abokin gasa zai nemi ɗaki ko kusurwa a cikin ginin cibiyar tsohon kamfani, da wuta da na'urar sanyaya. Zai kafa na'urarsa, a ja kebul daga gare ta zuwa babban allon da wayoyin unguwa duka ke sauka a kai. Ranar da kwastoma ya sauya, ma'aikacin tsohon kamfani ne zai cire 'yar wayar haɗi daga wannan gurbi ya mayar wancan. Kowane mataki yana hannun wanda ake son ƙwace wa kwastoma. Za a ce babu fili a ginin, ko a mayar da takardar oda don an rubuta sunan titi da harafi ɗaya daban, ko a ƙi faɗin tsawon wayar, alhali tsawon ne ke nuna saurin intanet da za ta ɗauka: bayan kilomita huɗu zuwa biyar, jan ƙarfe ba ya ba da abin kirki.

In duk wannan bai kori abokin gasa ba, sai a matse shi ta farashi. A ɗauka, don misali, tsohon kamfani na sayar wa jama'a intanet yuro 20 a wata, yana kuma ba abokin gasa hayar waya a sari kan yuro 16. In sauran kuɗin da kowa zai kashe, na na'ura da talla da karɓar biya, ya kai yuro 6, abokin gasa na kan 22 tun bai ci ribar sisi ba. Shi kuwa tsohon kamfani, 16 ɗin daga aljihun dama ya koma na hagu. Wannan ba zato ba ne. A 2011 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar TP yuro miliyan 127.5 saboda jan ƙafa a tattaunawa, da ƙin karɓar oda ba dalili, da ɓoye bayanai tsakanin 2005 da 2009. A 2014 ta ci tarar Slovak Telekom da uwarsa Deutsche Telekom yuro miliyan 38.8 kan ɓoye bayanai da matsin farashi. Tarar ta zo ihu bayan hari. Abin da ya motsa TP da gaske shi ne zuwan Anna Streżyńska shugabancin hukumar sadarwa ta UKE a 2006, da barazanar da ta yi ta raba kamfanin gida biyu. A Oktoban 2009 TP ya sa hannu cewa zai daidaita abokan gasa da sashensa na ciniki, zai kuma gina ko inganta layukan intanet miliyan 1.2.

Duk wannan kokawa a kan wayar girke ake yi, ashe ɗan hakin da aka raina yana gefe. Westel ya kunna salula a Hangari a 1990, kuma masu tsara yarjejeniyoyi sun ɗauke ta abin ƙawa na manyan 'yan kasuwa, shi ya sa yawancinsu ba su sa ta cikin babakere ba. Da aka zo GSM sai aka ba da lasisi biyu-biyu: Westel 900 da Pannon a Hangari a 1994, Era da Plus a Polan a 1996, Eurotel da Paegas a Cek a 1996. Turken sabis ba ya buƙatar rami zuwa kowane gida, katin da ake lodawa kafin kira kuma ya kawar da tambayar wa zai tsaya wa kwastoma. Layukan salula sun zarce na girke a Cek a 2000, a Hangari a 2001, a Polan a 2002. A duba shekarun da kyau: daidai lokacin da babakeren da aka saya da tsada ke ƙarewa, jama'a sun riga sun bar layin. Mai karatu a Najeriya zai gane wannan, domin gwanjon GSM na Janairun 2001, dala miliyan 285 kowane lasisi, ya canza ƙasar tun NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, na ta yawo a hannun masu saye, ana ta leƙo ta koma har 2015.

Ko a salular ma, kamfani biyu ko uku sukan koyi zama lafiya da juna. Makaminsu shi ne kira mai araha a cikin gida, mai tsada zuwa wani layi, yadda kowa zai zauna inda danginsa suke. Da Play ya shigo Polan a matsayin na huɗu a 2007, hukuma ta yarda ya karɓi kuɗin sauke kira fiye da na manyan na wasu shekaru, ga kuma damar sauya kamfani da lambarka. Cikin shekara goma ya kamo su. Yanzu Tarayyar Turai ta yanke wannan kuɗi zuwa santi 0.2 na yuro a minti tun daga 2024, makamin ya dakushe.

Romaniya ta zo da abin da babu mai ba da shawara da ya tsara. OTE ya sayi kashi 35 na Romtelecom a 1998 kan dala miliyan 675, da babakere zuwa farkon 2003, intanet ɗinsa kuma ya makara. Sai samari a manyan benayen da gurguzu ya gina suka fara jan kebul irin na ofis daga wannan bene zuwa wancan ta kan rufi da turakun lantarki. Kebul ɗin ba ya wuce mita 100, don haka kowane zango sai an rataya ƙaramin akwatin rarraba layi a matattakala, tsawa ta faɗo ta ƙone su a sayo wasu. Tun suna musayar fayil da wasanni a tsakaninsu, har suka haɗa kuɗi suka sayi layin waje a sari, suka zama ƙananan kamfanonin unguwa. Bene ɗaya na da gida ɗari ko fiye, saboda haka kuɗin isa kowane gida kaɗan ne, hukuma kuma ta kau da kai. RCS & RDS, wanda ake kira Digi yanzu, ya saye da yawansu ya maye kebul ɗin da faiba. Romaniya ta wayi gari cikin ƙasashen da suka fi saurin intanet da araha a Turai ba tare da hayar wayar kowa ba, Bulgariya ma kusan haka. A 2021 OTE ya sayar wa Orange kasonsa na tsohon Romtelecom ya fita daga layin girke.

Can gabas, inda babu matsin shiga Tarayyar Turai, labarin ya fi muni. Rasha ta tara kamfanonin larduna ƙarƙashin Svyazinvest, ta sayar da kashi 25 da hannun jari ɗaya a Yulin 1997 kan dala biliyan 1.875 ga haɗakar da attajirai Vladimir Potanin da George Soros ke ciki, cinikin ya haddasa yaƙin attajirai a gidajen talabijin, daga ƙarshe aka narkar da kamfanonin cikin Rostelecom na gwamnati a 2011. Gasar gaske ta tsaya ga MTS da VimpelCom da MegaFon a salula. Inda kuma lasisi ke hannun mutum ɗaya, ƙofar shiga kasuwa kanta ta zama haja. Kan abin da ya faru a Uzbekistan, VimpelCom ya biya tarar dala miliyan 795 a 2016, Telia na Suwidin miliyan 965 a 2017, MTS miliyan 850 a 2019, duk kan cin hancin da ya bi ta hannun Gulnara Karimova, 'yar shugaban ƙasar na lokacin. Har Magyar Telekom, sabon sunan Matáv, shi da Deutsche Telekom sun biya hukumomin Amurka sama da dala miliyan 95 a 2011, kuma cikin tuhumar har da biyan jami'an Masedoniya don a jinkirta ba kamfanin salula na uku lasisi. Kamfanin da aka yi wa babakere a gida ya je waje yana sayen wani.

A Cek kuwa, abin da Streżyńska ta yi barazana da shi a Polan, mai kamfani ne ya yi shi da kansa. Tsohon SPT ya bi ta hannun Telefónica ta Sifaniya a 2005, ya koma hannun PPF, kamfanin jari na cikin gida, a 2014. A 2015 PPF ya raba shi biyu: O2 ya riƙe kwastomomi, CETIN ya ɗauki wayoyi da turaku da cibiyoyi, ba ya sayar wa mutum ɗai-ɗai komai. Kamfanin da sari kaɗai yake yi ba shi da dalilin ɓatar da takardar odar T-Mobile ko Vodafone, domin su ma kwastomominsa ne, kuma masu ba da bashi na dogon zango sun fi sakin jiki da kamfanin da kuɗin hayarsa ke shigowa wata-wata. Sai dai a shekarun farko duka biyun na ƙarƙashin mai gida ɗaya, kasuwar salular ƙasar kuma ta tsaya a kamfani uku, masu amfani da data suna kukan tsada. A gwanjon lasisin zangon iska na salula a 2013 an ware gurbi don sabon shiga na huɗu, babu wanda ya ɗauka.